Emmy Noether (1882–1935): Taƙaitaccen Tarihin Masaniyar Aljebra

An haifi Amalie Emmy Noether ranar 23 ga Maris, 1882, a garin Erlangen na ƙasar Jamus, inda mahaifinta, Max Noether, yake farfesan lissafi. A zamanin da ta taso, jami'o'in Jamus ba su cika karɓar mata ba, don haka da izinin malamai ta fara zama a aji a matsayin 'yar sauraro. A shekarar 1907 ta sami digirin digirgir a ƙarƙashin Paul Gordan, sannan ta yi shekara bakwai tana aiki a jami'ar garinsu ba albashi.

A 1915 David Hilbert da Felix Klein suka gayyace ta Jami'ar Gottingen. Wasu malaman jami'ar suka ƙi amincewa mace ta koyar, sai aka riƙa sanar da darussanta da sunan Hilbert har zuwa 1919. A wannan tsakani, a 1918, ta wallafa ƙa'idar da ake kira da sunanta: idan dokar halitta ba ta sauyawa da sauyin lokaci ko wuri, to akwai wani adadi da ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, kamar makamashi.

Babbar gudummawarta tana fannin aljebra. Kundin digirinta cike yake da dogon lissafi, amma daga baya ta bar wannan hanya ta koma nazarin tsari. A maƙalarta ta 1921 ta yi nazarin "zobe", wato tsarin da ake iya tarawa da ɗebewa da ninkawa a cikinsa, kamar cikakkun lambobi. Ta nuna cewa sharaɗi guda, wato kada jerin wasu rukunai na cikin zoben ya yi ta faɗaɗa ba iyaka, ya isa ya tabbatar da sakamakon da a da sai da lissafi mai wahala. Littafin van der Waerden na 1930 zuwa 1931 ya yaɗa wannan tafarki a duniya.

A 1932 ta gabatar da babbar lacca a taron masana lissafi na duniya a Zurich. Shekara guda bayan haka gwamnatin Nazi ta kore ta saboda Bayahudiya ce, ta koma Kwalejin Bryn Mawr a Amurka. Ta rasu ranar 14 ga Afrilu, 1935, bayan tiyata, tana da shekara 53. Ba ta taɓa zama cikakkiyar farfesa a Gottingen ba, amma har yau zobban da suka cika sharaɗinta sunanta suke ɗauke da shi.