Waiwaye adon tafiya: Dorugu, ɗan Damagaram da hotonsa ya shiga littafin Turawa

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, yau filin namu zai waiwayi wani ɗan ƙasarmu da aka taɓa yin cinikinsa kamar haja, amma daga baya sunansa ya kai har Ingila.

A zamanin da, in Turawa suna son kada a manta da fuskar wani babban malami, ko mai mulki, ko mai bincike, sai gwani ya sassaƙa kamanninsa a jikin katako ko farantin ƙarfe, kamar yadda ake yi wa ƙwarya zane. Sai a shafa tawada, a danna a takarda, a buga dubbai. Aiki ne mai wuya da tsada, shi ya sa galibi manya ake yi wa. To, a cikin littafin tafiye-tafiyen Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da aka buga a 1857 da 1858, akwai irin wannan hoto na wasu samari biyu baƙaƙe, Abbega da Dorugu.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana ƙaramin yaro aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan har Kukawa ta Barno. A can ne abokin tafiyar Barth, mai suna Adolf Overweg, ya fanshe shi ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Barth ya ɗauki Dorugu da Abbega cikin ayarinsa.

Daga Kukawa suka bi ta Zinder, Katsina, Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare kogin Isa a Sayi cikin watan Yuni na 1853, suka isa Tumbutu a watan Satumba. A kan hanyar dawowa, cikin 1854, sun biyo bakin kogi daga Gawo har Sayi. Ke nan wannan yaro ya wuce ta ƙetaren inda muke zaune yau a Yantala, tun Yamai ba ta zama birni ba. A 1855 suka ratsa hamada zuwa Tarabulus, daga nan sai birnin Landan.

A Ingila ne ƙofar arzikinsa ta buɗe, ba kuwa da kuɗi ba, da harshen da ya sha a nono. Wani malamin mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya riƙe shi a gidansa. Dorugu yana faɗa, malamin yana rubutawa: tatsuniyoyi, kalmomi, da labarin rayuwarsa tun daga ƙuruciya. Da taimakonsa Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, sa'an nan littafin Magana Hausa a 1885, inda labarin Dorugu yake da bakinsa. Har gobe masana suna komawa can don su ji yadda ake Hausa a ƙasar Damagaram a wancan zamani.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Gaskiyar masu iya magana, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Abin lura a nan, jama'a, baƙi sun sassaƙa fuskarsa sun adana, mu kuwa masu shi da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Yaron da ke riƙe mana talla ko yake tsare mana rumfa, ba mu san abin da zai zama gobe ba. Mu kyautata masa, mu sa shi makaranta, mu kuma ba shi labarin Dorugu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.