Mahbub ul Haq, wanda ya sauya mudun awon arzikin ƙasa

Kowane ɗan kasuwa ya san kasuwa kan cika maƙil, amma ribar ta ƙare a aljihun mutum biyar. Abin da Mahbub ul Haq ya gano ke nan a ƙasarsu Pakistan.

An haife shi a 1934 a yankin Punjab, ya yi karatun tattalin arziki a Lahore, da Ingila, da Amurka. A shekarun 1960 shi ne babban masani a hukumar tsare-tsaren Pakistan, lokacin da ake ta yaba wa ƙasar da bunƙasa. Sai ga shi a 1968 ya fito fili ya ce gidaje 22 kacal ke riƙe da kashi biyu bisa uku na dukiyar masana'antu. Ka ga ɗan cikin gida ne ya tona asiri, shi ya sa maganar ta yi nauyi.

Ya yi aiki a Bankin Duniya daga 1970 zuwa 1982, ya riƙe ministan kuɗi a 1985. Amma aikin da ya fi fito da sunansa shi ne na 1990 a hukumar PNUD, tare da abokin karatunsa Amartya Sen. Sun ƙirƙiro awon da ba kuɗin shiga kawai yake dubawa ba, har da tsawon rai da ilimin jama'a. Da wannan mudu aka auna Nijar a 2005, ta zo ta ƙarshe cikin ƙasashe 177.

Ya rasu a New York a 1998, yana da shekara 64.