Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Malamin da Duniya Ba Ta Ɗauke wa Hankali Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ga taƙaitaccen tarihin Mujaddadi Shehu Usmanu, domin mu ga yadda bawan Allah yake tsare zuciyarsa daga shagala ba tare da ya ƙuntata wa ransa ba.

An haifi Shehu a Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a shekara ta 1168 bayan Hijira, daidai da 1754. Ya tashi a Dagel, ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, ya bi malamai har Agadas wurin Malam Jibrila ɗan Umar. Yana ɗan shekara ashirin ya fara wa'azi.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar sallar layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi zinariya ba. Abu biyar ya roƙa a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana mai amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Shehu ya san in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma malamin da zuciyarsa ta rataya ga ƙofar fada ba ya samun natsuwar karatu.

Ɗansa Muhammadu Bello ya hakaito cikin Infaƙul Maisuri cewa idan Shehu zai fita wurin jama'a yakan ɗan tsaya tukuna, ya sabunta niyyarsa, ya ƙulla alkawari da Ubangijinsa a kan ikhlasi, sannan ya fita. Wannan 'yar tsayuwa ita ce ke tattaro hankalin da ya watse. Marubuta tarihinsa sun ambata kuma cewa yakan tufka igiya da hannunsa, ya ci daga guminsa. Ashe sauya aiki ma hutu ne ga mai ilimi.

Abin da ya gudana daga hijirar Gudu a 1804 har faɗuwar Alƙalawa a 1808 sananne ne gare mu mutanen Gidan Rumji da Tsibiri, tun da a nan Gobirawa suka sake kafa gadon sarautarsu a 1836. Abin lura shi ne halin Shehu bayan mulki ya zo hannunsa. A 1812 ya raba ɗawainiyar ƙasa biyu, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuwa ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana wallafa. Cikin littafinsa Najmul Ikhwani ya sassauta wa jama'a a kan abin da malamai suka yi saɓani a cikinsa, don kada a tsananta inda shari'a ta yalwata. Ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a 1232, daidai da 1817, ya bar littattafai fiye da ɗari.

Ya 'yan'uwa, hutu dabam, gafala dabam. Hutu shi ne wanda mutum yake tashi daga gare shi da ƙarfin ibada da neman halal, kamar ƙailula da hira da iyali. Annabi ya gaskata Salmanul Farisi sa'ad da ya tunatar da Abud Darda'i cewa ransa da iyalinsa suna da hakki a kansa. Gafala kuwa ita ce wayar da ke ƙara cikin sahu, da zaman shayi har tsakar dare, a wayi gari asuba ta kuɓuce, gona ta yi ciyawa. Kowa ya ba karatu lokacinsa, aiki lokacinsa, barci lokacinsa, ya kuma ɗan tsaya ya gyara niyya kafin ya shiga kowanne.

Allah ya jiƙan Shehu da sauran magabata, ya sanya albarka cikin lokutanmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.