Clara Schumann: Makaɗiyar piyano da ta shekara sittin a kan dandamali

Ba a taɓa naɗar kiɗan Clara Schumann a faifai ba, amma har yau ana lissafa ta cikin manyan makaɗan piyano na ƙarni na 19.

An haife ta a birnin Leipzig na Jamus a 1819. Mahaifinta, Friedrich Wieck, malamin piyano ne mai tsanani, kuma shi ya horar da ita tun tana ƙarama. Tana shekara tara ta fara hawa dandamali a Gewandhaus, babban zauren kiɗa na birnin.

A zamanin, yawancin makaɗa burge jama'a suke yi da saurin yatsu da ƙarfin duka, kuma sau da yawa kiɗan da suka tsara da kansu suke bugawa. Clara ma da haka ta fara, amma da ta manyanta sai ta sauya hanya. Ta riƙa cika shirinta da ayyukan Bach da Beethoven da Chopin, tana bin abin da mai kiɗan ya rubuta ba ƙari ba ragi. Yatsunta ba sa nisa da madannan piyano. Dannawa take yi maimakon duka, shi ya sa sautin ke fita a miƙe kamar muryar mawaƙi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin sautin piyano yana fara mutuwa ne da zarar an taɓa shi. Tana kuma cikin na farko da suka saba yin kiɗa da ka, ba takarda a gabansu, abin da yanzu ya zama al'ada.

Aurenta sai da aka je kotu. Mahaifinta ya ƙi amincewa da Robert Schumann, tsohon ɗalibinsa, amma alƙalai suka ba masoyan gaskiya, aka ɗaura aure a 1840. Sun haifi 'ya'ya takwas, ɗaya ya rasu yana jariri.

A 1854 Robert ya kamu da taɓin hankali mai tsanani, aka kwantar da shi a asibiti kusa da Bonn, inda ya rasu a 1856. Clara tana shekara 36, ga yara bakwai. Piyano ya zama abin da ke ciyar da gidan. Ta yi ta zagaya Jamus da Ingila shekara bayan shekara, tana saka kiɗan mijinta a shirinta har masu sauraro suka karɓe shi. Haka ta yi wa Johannes Brahms, amininta na tsawon rai.

Daga 1878 ta koyar a makarantar kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt, kuma a birnin ta yi wasanta na ƙarshe a 1891. Ta rasu a 1896. Kusan ƙarni guda bayan haka, Jamus ta sa hotonta a takardar kuɗinta ta mak 100.