Samuel Ajayi Crowther: Yaron Osogun da Ya Zama Bishop

A darasin tarihin rubutun boko na fara cin karo da sunan Samuel Ajayi Crowther. Malaminmu yana bayani a kan J. F. Schön, Bajamushen nan da ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843, sai ya ambata cewa a tafiyar da Schön ya yi cikin Kogin Kwara a 1841 yana tare da wani malamin makaranta Bayarabe daga Saliyo. Ya faɗi sunan ya wuce. Abokan karatuna Yarbawa suka hau murmushi, domin su tun suna firamare suka san shi. Kunya ta sa na nemi tarihinsa na karanta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan tsoron da mutumin nan ya gani a rayuwarsa, da kuma abin da ya riƙe shi har ya kai tsufa bai karaya ba.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Oyo. A 1821, lokacin da daular Oyo ke wargajewa, wata runduna da ta haɗa da Fulani da Yarbawa Musulmi ta auka wa garin da safe. Mahaifinsa ya fita wajen faɗa, bai sake ganinsa ba. Aka kama shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka sa musu igiya a wuya, garin kuma aka cinna masa wuta. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwar. An taɓa musayarsa da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka mayar da cinikin. Daga baya aka yi ta sayar da shi daga kasuwa zuwa kasuwa, har da musaya da taba da barasa.

A wasiƙar da ya rubuta a 1837 ya ba da labarin wannan lokaci da kansa, kuma bai ɓoye rauninsa ba. Tsoron kada a sayar da shi ga Turawan Fotugal ya kai shi ga neman shaƙe kansa da ɗamararsa, sai dai ya kasa ƙarasawa. Ya mai karatu, yaro ne fa ɗan shekara 12 ko 13. Abin da yake gudu kuwa shi ya same shi. A Ikko aka sayar da shi ga 'yan Fotugal, aka loda su cikin jirgin ruwa. A watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila masu farautar masu fataucin bayi suka tare jirgin. Ko a nan ma tsoro bai sake shi ba. Da aka hau da su jirgin Ingilishi ya hangi nama a rataye da wasu dunƙule-dunƙule a jere, sai ya ɗauka naman 'yan uwansa ne da kawunansu. Ashe naman alade ne da harsasan igwa.

A watan Yuni aka sauke su a Freetown. Wannan gari ya cancanci ɗalibin harshe ya san shi. Bayin da aka ƙwato daga teku ne suka cika shi, kowa da harshensa, har wani ɗan mishan mai suna Koelle ya tattara kalmomin harsuna fiye da 150 daga bakinsu, ciki har da Hausa, ya buga a 1854. Yarbawan wurin ana kiransu Aku, saboda yadda gaisuwarsu ke farawa. Mutane ne da aka tumɓuke daga dangi, don haka suka mayar da makaranta da coci da maƙwabtaka suka zama danginsu. A ƙauyen Bathurst, a hannun malaman ƙungiyar mishan ta CMS, Ajayi ya koyi karatu, cikin wata shida yana karanta Sabon Alkawari. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na farko a Kwalejin Fourah Bay. Matar da ya aura, Asano, wadda aka sa wa suna Susan, ita ma ƙwatatta ce kamarsa. Sun zauna tare kusan shekara 50, har rasuwarta a 1880.

Ni a ganina nan ne mabuɗin rayuwarsa. Ya fassara abin da ya same shi irin yadda Yusufu ya fassara nasa a Littafi Mai Tsarki: mutane sun nufe shi da sharri, Allah ya juya abin ya zama alheri. Wannan bangaskiya ce ta sa mutumin da aka fitar daga Ikko cikin sarƙa ya yarda ya komo da ƙafarsa.

Tafiyar 1841 ta zama masifa. Zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40, jiragen suka juya. Amma rahoton da Crowther ya rubuta ya nuna wa CMS cewa 'yan Afirka ne za su iya wannan aiki. Aka naɗa shi limami a Landan a 1843, shekarar da shi ma ya fitar da littafin kalmomin Yarbanci. A 1846 ya isa Abekuta tare da Henry Townsend. Bai fi 'yan makonni da zuwa ba aka kawo masa wata tsohuwa. Mahaifiyarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara 25. Suka riƙe juna suna kallon juna, hawaye na zuba, magana ta gagara. A 1848 aka yi mata baftisma da sunan Hannatu, wato sunan mahaifiyar Sama'ila a Littafi Mai Tsarki. Duk wanda ya zaɓi sunan nan ya san abin da yake yi.

Daga nan rayuwarsa ta koma kan kogi. A 1854 ya bi Dakta Baikie suka shiga Binuwai, suna shan kwinin, ba Baturen da ya mutu. A 1857 ya kafa Mishan ta Kwara, ya ajiye J. C. Taylor a Anacha, shi kuma ya yi gaba. Jirginsu Dayspring ya bugi dutse kusa da Jabba ya lalace, suka yi watanni a bakin kogi suna jiran ɗauki. Crowther ya mayar da zaman jiran ya zama aji, ya duƙufa kan Nufanci. Daga baya ya buga littafin koyon karatu na Nufanci a 1860 da nahawunsa a 1864, bayan na Ibo da ya fitar a 1857. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa na Ikko, ta haɗa da takardun da ya shafe shekara 11 yana tara kalmomi da karin maganar Yarbanci a ciki. Duk ɗalibin da ya taɓa ɓatar da babi guda na kundinsa zai ɗan ji zafin wannan. Ya sake farawa daga tushe.

Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babban cocin Canterbury, baƙar fata na farko a Ikilisiyar Angalika. Henry Venn, sakataren CMS, shi ya tsaya kai da fata, yayin da Townsend, abokin aikinsa na Abekuta, ya ƙi yarda Bature ya zauna ƙarƙashin baƙar fata. Cikin mahalarta bikin akwai Henry Leeke, hafsan jirgin da ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce.

Rigar bishop ba ta kare shi daga haɗari ba. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson a yankin Idah, ya nemi fansar fam 1,000. Jami'in Ingila da ke Lakwaja, Fell, ya zo ya ƙi biya, suka ruga zuwa kwalekwale ana harbinsu. Kibiya mai dafi ta sami Fell ya mutu, bishop da ɗansa suka tsira.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne zamansa da Musulmi. Mutumin da Musulmi suna cikin waɗanda suka ƙone garinsu, shi ne ya ƙulla amana da Etsu Masaba na Bida, ya kuma zauna gaban Sarkin Ilori a 1872 yana amsa tambayoyin malamai ta hanyar karanto ayoyi daga Littafinsa, ba zagi ba gardama. Da Etsu Maliki ya ga barasar Turawa tana lalata ƙasar Nufe, Crowther ya aika wa saƙo ya roƙar masa Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita.

Jarrabawa mafi ɗaci ta zo masa daga cikin gida. Venn ya rasu a 1873. Wajen 1890 wasu samarin 'yan mishan suka iso daga Ingila, cikinsu akwai J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, waɗanda suka zauna a Lakwaja suna sa riga da rawani da burin shiga ƙasar Hausa. Suka zargi ma'aikatan Crowther, yawancinsu 'yan Saliyo, da lalacewar hali da son kasuwanci. Gaskiya ita ce wasu zarge-zargen suna da tushe, kuma tsohon yana da sanyin hannu wajen horo, domin ya fi son jan mai laifi a jiki da korarsa. Amma yadda aka yi abin akwai raini a ciki ƙarara. A taron kwamiti a Anacha, cikin Agusta 1890, samarin da ya yi jika da su suka dakatar da limaman da shi ya naɗa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Ya ajiye shugabancin kwamitin. Bai fice daga Ikilisiyar ba, bai kuma ɗaga murya ya rama ba. Wasu na ganin haƙurin ya yi yawa, ni ma wani lokaci haka nake gani.

Jama'arsa dai ba su yashe shi ba. Ikilisiyoyin Bonny da kewaye suka yanke shawarar tsayawa da ƙafarsu su riƙa biyan limamansu da kansu, abin da ya tabbata a 1892 ƙarƙashin Dandeson. Uban bai ga ranar ba. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Wanda ya gaje shi Bature ne.

Mu ɗaliban Hausa muna da ƙulli a wannan labari. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila don tunawa da shi, ita ce ta tura ɗan'uwansa C. H. Robinson zuwa Kano, wanda ya rubuta ƙamus ɗin Hausa da har yanzu muke ambata a darasi. Wato Schön, abokin tafiyar Crowther, da gidan Robinson da suka ƙuntata masa, duk suna cikin jerin sunayen da muke haddacewa don jarrabawa.

An binne shi a maƙabartar Ajele, a 1976 aka mayar da ƙasusuwansa harabar babban cocin Marina a Ikko. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe shi, Akbishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a cocin da aka naɗa shi ya bayyana nadamar Ikilisiyar Ingila kan abin da aka yi masa.