Walter Hohmann: Ma'aikacin Hukumar Gari Da Ya Shata Hanyar Zuwa Mars

A zamanin yanzu ba a harba kumbo zuwa sararin samaniya sai an yi tafiyar sau dubbai a cikin kwamfuta tukuna. Injiniyoyi kan zuba wa na'urar nauyin kumbon da yawan mansa da ranar da ake son ya tashi, ita kuwa sai ta kwaikwayi tafiyar daga farko har ƙarshe, ta nuna inda mai zai ƙare da inda za a saki hanya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, tana da irin wannan manhaja mai suna GMAT wadda ta bayar kyauta ga duk mai so, akwai kuma ta 'yan kasuwa da ake kira STK. Ko wacce aka zaunar da ɗalibi a gabanta, cikin darussan farko da zai tarar akwai abin da ake kira hanyar Hohmann. Mai wannan suna bai taɓa ganin kwamfuta ba, bai kuma ga tashin kumbo ko ɗaya ba. Ma'aikacin hukumar gari ne a ƙasar Jamus, aikinsa duba lissafin gine-gine.

An haifi Walter Hohmann ran 18 ga watan Maris, 1880, a wani ƙaramin gari mai suna Hardheim. Mahaifinsa likita ne. Yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu, birnin da aka sake wa suna Gqeberha a 2021, kuma a can ne mahaifin ya fara nuna masa taurarin da ake gani a kudancin duniya. Daga baya ya koma Jamus ya yi makarantar sakandare a Wurzburg, sa'an nan ya shiga babbar makarantar fasaha ta Munich, ya fito injiniyan gine-gine a 1904. Ya yi aiki a Viyana da Hanover da Breslau, har a 1912 ya sami wurin zama a birnin Essen, inda aka ba shi sashen duba ƙarfin gine-gine da gwajin kayan gini na hukumar garin. A nan ya yi aure a 1915, a nan kuma ya zauna har ƙarshen ransa. Digirin dakta da ya samu a Aachen a 1920 ma a kan sha'anin gini ne.

Sha'awar sama kuwa ta samo tushe daga littattafan ƙagaggun labarai da ya karanta tun yana saurayi, na Bafaranshen nan Jules Verne da na Bajamushe Kurd Lasswitz. Mutane da yawa sun karanta waɗannan littattafai sun more, suka ajiye. Shi sai ya ɗauki tambayar da labaran suka tsallake: in har za a yi tafiyar, nawa za ta ci? Wannan tambayar ma'aikacin gini ce sak, mutumin da ya saba auna yawan ƙarfen da gada ke bukata, kada ya gaza ta rushe, kada kuma ya yi yawa a yi asarar kuɗin jama'a. In ya tashi daga ofis sai ya zauna da takarda da alƙalami. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, har cikin Yaƙin Duniya na Farko.

A lokacin duk mai maganar zuwa wata ko Mars ana ɗaukarsa kamar mai taɓin hankali. Sai a 1923 da kamfanin ɗab'i na Oldenbourg da ke Munich ya buga littafin Hermann Oberth a kan roka, mutane kuma suka yi ta saye, sa'an nan ƙofa ta buɗu. Wannan kamfani ne ya buga na Hohmann a 1925, mai suna Die Erreichbarkeit der Himmelskörper, ma'ana yiwuwar isa ga duniyoyin sama. Ɗan littafi ne, cike da lissafi.

YADDA HANYAR TAKE

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, babu abin da ke tsaye wuri ɗaya a sama. Duniyarmu tana kewaya rana da gudun kilomita kamar 30 a kowace daƙiƙa, a nisan kilomita miliyan 150 daga gare ta. Mars tana can waje, kimanin kilomita miliyan 228 daga rana, kuma sai ta yi kwana 687 kafin ta gama zagaye ɗaya. Wanda bai san sha'anin ba zai ce a jira har Mars ta matso kusa, a saita ta, a miƙe sambal. Hohmann ya nuna cewa wannan gajeriyar hanya ita ce mafi tsada, domin sai kumbo ya yi kokawa da gudun da ya gada daga duniya, ya kuma yi ta faɗa da jan rana. Roka kuwa tana da wata masifa: man da za ta ƙona gobe, tilas ta ɗauke shi yau, kuma ɗaukarsa ma mai yake ci. Saboda haka ɗan ƙarin gudu kaɗan yakan ninka yawan man da ake bukata.

Dabararsa ita ce a ci moriyar gudun da ke akwai. Bayan kumbo ya kuɓuta daga jan duniya, a bar shi da rarar gudu ta kamar kilomita 3 a daƙiƙa, ta fuskar da duniya ke tafiya, sa'an nan a kashe injin. Daga nan jan rana ne zai yi sauran aikin. Kumbon zai bi wata doguwar hanya mai siffar ƙwai, wadda gefenta ɗaya ya taɓa falakin duniya, ɗaya gefen kuma ya taɓa falakin Mars a can ƙetaren rana. In ya isa sai a sake kunna injin don a daidaita gudunsa da na Mars. Kunna inji sau biyu ke nan kacal, tsakaninsu kuwa kwana kusan 259 ba a ƙona ko ɗigon mai.

Amma fa arahar tana da nata sharaɗi. Tilas Mars ta iso mahaɗar a daidai ranar da kumbon zai iso, watau a ranar tashi ta kasance tana gaban duniya da kamar digiri 44. Wannan daidaito ba ya samuwa sai kusan sau ɗaya a wata 26. Wanda ya makara, ko da aikinsa ya kammala, sai ya jira shekara biyu da 'yan watanni. Komowa ma haka take: masu tafiya za su zauna a Mars fiye da shekara guda suna jiran ƙofa ta buɗu, har tafiyar duka ta kai wajen kwana 970. Zuwa Zara kuwa, tauraruwar da Hausawa ke ce wa matar wata, kwana 146 ne, amma a nan rage gudu ake yi don kumbon ya gangara wajen rana.

Bai tsaya a nan ba. Ya yi nazarin yadda za a komo gida ba tare da an ƙone ba, ya ba da shawarar kumbo ya riƙa shafar saman iska yana fita, sau da yawa, har gudunsa ya ragu. Ya kuma ce bai kamata a sauke babban kumbo dungurungum a kan wata duniya ba. A bar shi yana kewayawa, a sauka da ƙarami. Irin wannan tsari ne Amurkawa suka bi lokacin da suka sauka a wata a 1969, ko da yake ta hanyar nasu nazarin suka kai gare shi.

JANYEWARSA

Littafin ya ba shi suna a cikin 'yan tsirarun masu wannan sha'awa. Ya zama babban ɗan Ƙungiyar Tafiya Sararin Samaniya da aka kafa a Jamus a 1927, ya kuma rubuta babi guda a littafin da Willy Ley ya tattara a 1928. A cikin matasan ƙungiyar akwai wani Wernher von Braun. Ba a daɗe ba sojojin Jamus suka gane cewa abin da zai iya ɗaukar mutum zuwa wata zai iya ɗaukar bam zuwa garin maƙwabta. Suka ɗauki von Braun aiki a 1932, a shekara mai zuwa Hitler ya hau mulki, ƙungiyar ta watse, aikin roka ya koma hannun soja.

A nan hanyar Hohmann ta rabu da ta abokansa. Ya ja jikinsa daga sha'anin roka gwargwadon iyawarsa, don ba ya son ya sa hannu a ƙera makami. Ya ci gaba da duba lissafin gine-ginen Essen. Wasunsu suka tafi Peenemunde, suka ƙera rokar V-2 wadda aka fara jefa wa Faris da London a watan Satumba na 1944. Fursunonin da aka tilasta wa harhaɗa ta a ramukan ƙarƙashin dutse, waɗanda suka mutu a cikinsu sun fi mutanen da rokar ta kashe yawa. Janyewar ta sa sunansa ya dushe, alhali waɗanda suka shiga aikin su ne aka yi rububinsu bayan yaƙi.

Yaƙin da ya ƙi yi wa aiki bai ƙyale shi ba. Essen ce mazaunin masana'antun Krupp masu ƙera makamai, saboda haka jiragen Ingila suka yi ta yi mata ruwan bama-bamai shekara da shekaru, gine-ginen da ya yi rayuwarsa yana auna ƙarfinsu suna ta rushewa. Wahalar ta karya lafiyarsa. Ya rasu a asibiti ran 11 ga watan Maris, 1945, ranar da jirage fiye da dubu suka auka wa birnin, saura mako guda ya cika shekara 65, saura kuma wata biyu Jamus ta miƙa wuya.

BAYAN RASUWARSA

A 1960 NASA ta sa aka fassara littafin zuwa Turanci. Kumbon Mariner 4 ya tashi ran 28 ga Nuwamba, 1964, ya wuce ta gefen Mars a tsakiyar Yuli, 1965, a kan hanya mai kama da wadda aka shata a Essen. Yawancin taurarin ɗan'adam na sadarwa, har da NigComSat-1R na Nijeriya da aka harba daga Sin a Disamba, 2011, ta irin wannan hanya mai siffar ƙwai suke hawa zuwa mazauninsu, kilomita 35,786 a bisa doron ƙasa. Rage gudu da iska kuwa, kumbon Magellan ya gwada shi a Zara a 1993.

To me ya kawo kwamfuta, in lissafin hannu ya isa? Bai isa ba. Don aikin ya yiwu a takarda, Hohmann ya ɗauka cewa duniyoyi suna bin cikakkiyar da'ira a shimfiɗe ɗaya, alhali falakin Mars ba da'ira ba ne, kuma ya ɗan karkata da kusan digiri 2. Ga jan wata, ga na Jupita, ga hasken rana da ke tura kumbo a hankali, ga injin da ba ya ba da ƙarfinsa duka a ƙiftawar ido. Manhajar kwaikwayo tana bin tafiyar taki-taki tana haɗa waɗannan duka. Tana gwada kowace ranar tashi da kowace ranar isa, ta fitar da taswirar man da kowacce za ta ci. Tana kuma maimaita tafiyar sau dubbai da ƙananan kurakurai da aka sa da gangan, don a san yawan man da za a ajiye na ko-ta-kwana. Wannan reshe ne na ilmin neman hanya mafi araha a cikin ƙayyadaddun sharuɗɗa. An ma gano inda hanyar Hohmann ba ita ce mafi araha ba: Ary Sternfeld ya nuna a 1934 cewa in falakin da za a je ya ninka na tashi kamar sau 12 ko fiye, kunna inji sau uku yana iya fin sauƙi. Akwai kuma dabarar aron gudu daga wata duniya da kumbunan Voyager suka yi amfani da ita bayan tashinsu a 1977.

Duk da haka injiniya kan fara da lissafin Hohmann, don da shi yake gane ko amsar da na'ura ta ba shi ta hankali ce. Na'urar abin da aka zuba mata take bi. A watan Satumba na 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta a bakin Mars, saboda wata manhaja tana ba da ƙarfin inji da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuwa tana zaton na mita ne.

A 1970 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta raɗa wa wani rami a kan wata sunan Hohmann. A Essen kuma akwai ɗakin duban taurari mai sunansa, wanda masu sha'awa ke gudanarwa in sun tashi daga wuraren aikinsu.