Ayo Bankole: Haifaffen Jos da ya koyi kaɗa ogan tun yana ɗan makaranta

A shekarun 1930, duk wanda ya ji an ambaci Jos, kuza ce ke fara zuwa masa a rai. Haƙar ta ce ta tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da Turawa a garin. Kuma kuza da dalma ake narkawa a haɗa, a ƙera yawancin bututun ƙarfe na ogan, wato katafaren abin kiɗan nan da ake girkewa a manyan coci-coci.

A wannan gari aka haifi Ayo Bankole ranar 17 ga Mayun 1935. Shi ne yaron da daga baya ya zama ɗaya daga cikin gwanayen kaɗa ogan da Najeriya ta taɓa yi, kafin a kashe shi yana da shekara 41 kacal.

Gado ya tarar a gida

Mahaifinsa, Theophilus Abiodun Bankole, shi ke kaɗa ogan tare da jagorantar mawaƙa a cocin Angilika na St. Luke da ke Jos. Mahaifiyarsa kuma malamar kiɗa ce. 

Yana ɗan shekara shida aka kai shi Legas wajen kakansa, Akinje George, wanda shi ma makaɗin ogan ne a cocin Baptist. A hannun kakan ya fara sanin fiyano da hamoniyam, wani ƙaramin abin kiɗa da ake tura wa iska da ƙafa. A 1945 ya shiga makarantar Baptist Academy, ya kuma shiga sahun yara mawaƙa na babban cocin Angilika da ke Marina a Legas.

Me ya sa koyon ogan ke da wuya?

Wanda bai taɓa ganin ogan ba, ya ƙiyasta ɗaruruwa ko dubban sarewa da kakaki an jera su a bango, kowanne da murya ɗaya tak. Wasu tsawonsu ya kai ƙafa 16 ko 32, wasu kuma ba su wuce fensir ba. Ba da baki ake hura su ba. A da, da wani abu mai kama da zugazugin maƙera ake tura musu iska, yanzu kuwa injin lantarki ke yi. Asalin na'urar daga Iskandariya ta Masar ne, fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Makaɗin na zama ne gaban allon maɓallai hawa biyu ko uku ko huɗu. A ƙarƙashinsa akwai wani jerin na katako da ake takawa da yatsun ƙafa da diddige. Gefe da gefe kuma akwai maɗaukai da ake ja domin zaɓen rukunin bututun da zai yi magana. Ke nan hannun dama na kan wata hanya, na hagu na kan wata, ƙafafu na kan ta uku, ido kuma na kan takarda.

Ya bambanta da fiyano. Ko an danna da ƙarfi ƙararsa ba ta ƙaruwa, kuma muddin yatsa na kan maɓalli sautin ba zai yanke ba. Saboda haka kuskure ba ya ɓuya.

Babbar wahalar ma ita ce samun inda za a koya. Ɗan koyon kalangu ko goge zai iya rataya abinsa ya tafi gida. Ogan kuwa da gini ake haɗa shi. Sai wanda ke riƙe da makulli ya yarda da yaro, ya buɗe masa, ya zauna kusa da shi yana gyara masa.

Malamai biyu da suka buɗe masa ƙofa

Na farko shi ne Thomas Ekundayo Phillips, wanda ya yi karatun kiɗa a Landan, ya kuma riƙe ogan ɗin babban cocin Legas daga 1914 zuwa 1962. A hannunsa Ayo ya fara hawa kujerar ogan.

Na biyu shi ne Fela Sowande, wanda shi ma Phillips ne ya rene shi. A 1954 Ayo ya samu aikin akawu a gidan rediyon gwamnati da ke Legas, daidai lokacin da Sowande ke kula da sashen kiɗa. Da ya ga baiwar ɗan akawun, sai ya ci gaba da ba shi darasi mai zurfi.

A 1957 gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin karatunsa a makarantar kiɗa ta Guildhall da ke Landan, inda ya nazarci fiyano da ogan da tsara kiɗa. A 1961 ya wuce kwalejin Clare ta Jami'ar Kambirij, ya kammala digiri a 1964. Ya kuma ci jarrabawa mafi girma ta ƙungiyar makaɗan ogan ta Birtaniya, wadda ake kira FRCO. Kafin shi, Sowande ne ɗan Najeriya da ya samu wannan shaida, a 1943.

Daga nan ya tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a Amurka, da tallafin gidauniyar Rockefeller, domin nazarin kaɗe-kaɗen al'ummomi.

Sa kayan Turawa su yi yaren gida

Ayo bai tsaya ga maimaita abin da Turawa suka tsara ba. Akwai wata matsala da Phillips ya daɗe yana nunawa. Yarabanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti. Bahaushe ya san cewa hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Idan aka ɗora kalmomin irin wannan harshe a kan karin waƙar Ingila, ma'ana na iya jirkicewa.

Shi ya sa a waƙoƙin Yarabanci da ya tsara, yakan sa kiɗan ya bi hawa da saukar kalmomin. Tun yana ɗalibi a Ingila ya rubuta wasu daga cikin ayyukansa da aka fi sani, ciki har da Three Yoruba Songs na 1959 da Toccata and Fugue na ogan a 1960.

Ya dawo Najeriya a 1966, ya koma gidan rediyo a matsayin babban mai shirya shirye-shiryen kiɗa. A 1969 ya zama malami a Jami'ar Legas. Ya kafa ƙungiyoyin mawaƙa, har da ta yara 'yan makaranta, yana yi musu abin da aka yi masa.

Ƙarshensa

A 1974 ya tsara wani babban aiki, Festac Cantata, domin bikin al'adun baƙar fata na duniya da Najeriya ke shirin karɓa. A cikinsa ya haɗa kayan kiɗan Turawa da na gargajiya.

Bai ga bikin ba. Ranar 6 ga Nuwamban 1976, wani ɗan'uwansa na jini ya kashe shi tare da matarsa a Legas. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka buɗe FESTAC, ranar 15 ga Janairun 1977, bikin da aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna a cikinsa.

Phillips ya rayu har shekara 85, Sowande ya haura 80, kowannensu ya samu lokacin yaye ɗalibai masu yawa. Ayo kuwa shekara 10 kawai ya yi yana koyarwa da aiki bayan dawowarsa gida. Abin da ya bari shi ne takardun kiɗan da ya rubuta, waɗanda har yau makaɗa a Najeriya da Turai da Amurka ke ɗauka su kaɗa, da kuma yaran da ya buɗe wa ƙofa.